Yadda Ake Rubuta Wa Yara Labarin Wasan Ƙanƙara, Mai Tsoro Da Ɗan So A Ciki

Duk Bahaushen da ya ɗauri aniyar rubuta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 12 littafi a kan wasan ƙanƙara zai tarar da matsala biyu suna jiransa a bakin ƙofa. Ta farko, ƙanƙarar da muka sani ita ce ta cikin kular mai zoɓo, sai wadda kan zubo da ruwan farkon damina ta kakkarya shuka. Ba mu taɓa tsayuwa a kanta ba. Ta biyu, hannunmu ya saba da soyayyar manya, mai dogayen kalamai da hawaye da kishiya, kuma in ba a yi hattara ba ita za a juye a bakin yarinya 'yar aji shida. Matakan nan na kauce wa ramukan biyu ne. Zan riƙe misali guda tun daga farko har ƙarshe don a ga yadda ake ɗora bulo kan bulo.

Mataki na farko: zaɓi wasa ɗaya, gari ɗaya, hunturu ɗaya

Wasannin ƙanƙara ba ɗaya ba ne, kuma kowanne da irin tsoron da yake haifarwa. Akwai hoki, wato ƙwallon gorar kan ƙanƙara: mutum shida-shida har da mai tsaron raga, ana bugun wani baƙin faifan roba mai nauyin kusan giram 170, wanda ake daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Tsoron da ke nan na karo ne da na duka. Akwai zamiyar ado, wadda ake juyi da tsalle ana bin kiɗa. A nan tsoron na faɗuwa ne kai kaɗai a tsakiyar fili, idon kowa a kanka. Akwai tseren gajeren zagaye, mai tsawon mita 111 da 'yan kai, inda ake kwanciya a kwana har yatsu su taɓa ƙasa, ga wuƙaƙen takalman abokan tsere kusa da fuska. Akwai kuma kalin, wasan da ya fito daga Sikotilan, na tura dutsen da ya kusa kilo 20 ana share masa hanya da buroshi. Wannan na ƙarshe ya fi dacewa da labarin ban dariya ko na jika da kakansa.

Ɗauki ɗaya ka bar sauran. Ni a misalina na ɗauki zamiyar ado, a birnin Otawa na Kanada, daga Oktoba zuwa Maris. Dalilin Otawa shi ne mashigin ruwan Rido da ya ratsa garin, wanda in ya daskare akan share kilomita 7.8 jama'a su yi ta zamiya a kai, wasu ma a haka suke tafiya aiki. A hunturun 2022 zuwa 2023 sanyi bai kai ba, aka kasa buɗe shi gaba ɗaya, karo na farko tun da aka fara. Ka ga ke nan wuri ne da yara kan zuba wa ido suna jiran a ce an buɗe, kuma jira abinci ne ga labari.

Mataki na biyu: san ƙanƙarar da jikinka

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin a nan yawancin rubutun ke mutuwa. Gani ya kori ji. In kana da halin zuwa inda ake da fili, ko da na cikin manyan kantuna ne irin wanda ke Dubai Mall, biya kuɗin awa ɗaya ka shiga. Ni ranar da na fara shiga wani fili, ban kai taku biyar ba na ji ni zaune daɓas, wando ya jiƙe, wani yaro da bai kai ƙuguna ba ya zagaye ni sau biyu yana kallo. Abin da na samo a wannan awar ya fi abin da na tara a makonni ina kallon bidiyo. In babu hali, ari takalmin taya irin wanda samari ke gudu da shi a titi, ka ɗanɗana yadda ƙasa ke guje wa ƙafa, sannan ka cika sauran da kallo a YouTube, musamman na darasin masu koyo. Gasar zakaru ba za ta nuna maka abin da kake nema ba.

Ga abubuwan da dole su zauna maka daram. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin kaurinsa kamar milimita 4 ne, kuma ba shafaffe ba ne: akwai ɗan kwari a tsakiyarsa, don haka kaifi biyu gare shi, na ciki da na waje. Duk gwanintar wasan a kan sanin wane kaifi kake kai take. Takalmin zamiyar ado yana da haƙora a gaba, na hoki ba shi da su, kuma haƙoran nan su ne ke tuntsurar da sabon shiga ya ci da baki. Ana kai takalmi wasawa lokaci-lokaci kamar yadda ake kai wuƙa. In an fito ana goge ƙarfen da tsumma don gudun tsatsa, a sa masa marfin roba kafin a taka siminti. Igiya kuwa a wajen idon sawu ake tsananta ɗaurinta, in ta yi sako-sako ƙafa ta riƙa lanƙwashewa ciki. Takalman haya galibi dakusassu ne, kuma yaron da iyayensa ba su da hali da su yake farawa. Wannan kaɗai ya ishe ka babi guda.

Filin da ake gasar duniya mita 60 ne a tsawo, 30 a faɗi. Na Amurka da Kanada ya fi matsewa, kusan mita 61 da 26. Kaurin ƙanƙarar bai fi yatsu biyu ba, a ƙarƙashinta siminti ne da bututun sanyi. Tsakanin rukuni da rukuni akan fitar da kowa, wata mota ta shigo ta kankare saman ta malala ruwan ɗumi, fili ya koma sumul kamar madubi. Zamboni ake ce mata, sunan mutumin Kalifoniya da ya ƙera ta a 1949. Yara na son motar nan ƙwarai, kuma direbanta, wanda ke ganin kowa ba mai ganinsa, ya dace da matsayin dattijon labari.

Darasin farko da koci ke koyarwa shi ne faɗuwa. A durƙusa, a saki jiki ta gefe, a dunƙule yatsu don kada wani ya bi ta kansu. Sannan tashi: gwiwa biyu a ƙasa, a kafa ƙafa ɗaya, a dafa gwiwar da hannu biyu, a miƙe. A shirin koyon farko na hukumar wasan ta Kanada, mai matakai shida, hular kwano dole ce har sai yaro ya wuce mataki na biyar. Riƙe wannan darasin faɗuwa da kyau, zai dawo mana.

Mataki na uku: gina yarinyar

Yara sun fi son karanta labarin wanda ya ɗan girme su, don haka ba ta shekara 11 ko 12. Tawa sunanta Ummi, iyayenta sun taso daga Zariya saboda karatun uban, shekararsu biyu a can. Amfanin baƙuwa shi ne idonta irin na mai karatu ne: abin da zai ba shi mamaki ita ma ya ba ta, sai bayani ya shiga ba tare da an tsaya lacca ba. Wannan ba ƙirƙirar da ta wuce hankali ba ce. Maame Biney a Akara ta ƙasar Gana aka haife ta, ta je Amurka tana 'yar shekara 5, ta wakilci ƙasar a tseren gajeren zagaye a gasar Olamfik ta hunturu ta 2018. Akim Aliu a Okene aka haife shi, ya buga wa ƙungiyar hoki ta Kalgari a babbar gasar Arewacin Amurka. A 2018 ɗin dai mata uku suka ɗaga tutar Najeriya a tseren keken ƙanƙara a Koriya ta Kudu.

Ba ta gida na gaske. Uwa da ke aikin dare, ƙane mai tona asiri, kuɗin darasi da ake lissafawa a kan teburin cin abinci. A Otawa cikin Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 4:20 na yamma, ke nan tana tashi daga makaranta la'asar na neman ƙwacewa, magariba kuma ta same ta a ɗakin canza kaya. In tana sa hijabi, ka san yadda za ta cusa shi cikin riga ta bar allura a gida, domin abin da ke lilo ko ke suka haɗari ne a wurin juyi. Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi gasa da hijabinta, har alƙalai suka rage mata maki saboda shi a Italiya a 2012. Kada ka mai da littafin na hijabi ko na wariyar launi dungurungum, amma kada ka yi kamar babu su.

Mataki na huɗu: sa wa tsoron suna da rana

"Ummi matsoraciya ce" ba labari ba ne. Tsoron da ke aiki a littafi yana da ranar da aka haife shi. Nata ya zo ne wata Asabar a watan Nuwamba, tana koyon tsallen Aksel. A cikin tsalle shida na wasan, shi kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, a sauka da baya, shi ya sa guda ɗayansa juyi ɗaya da rabi ne. Sunan wani ɗan Norwe ne, Axel Paulsen, wanda ya fara yin sa a 1882. Masu koyo kan daɗe a kansa fiye da sauran. Ummi ta tashi, kafaɗa ta riga ƙugu, ta sauko da ƙeya. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, a huta, a rage kallon waya, a koma wasa sannu-sannu.

Ciwon kai ya warke cikin makonni, abin da ya rage shi ne littafinka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Duk sanda ta zo daidai wurin tashi, wato wani shuɗin layi da aka zana a ƙanƙarar filin, sai jikinta ya ƙi. Ta zagaya, ta sake zagayawa, ko ta tashi ta buɗe hannuwa a sama ta fasa juyin. Nan ne ake gane marubucin da ya yi aikinsa. Rago zai rubuta: "Tsoro mai tsanani ya kama Ummi, zuciyarta ta dugunzuma." Gwada wannan a madadinsa:

"Layin shuɗin nan ne wurin tashi. Ummi ta ƙirga, ɗaya, biyu. A na uku ƙafar hagu ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Ta wuce layin. Ta sunkuya tana taɓa igiyar takalmi, alhali ta san ɗaurin lafiya lau yake. Sau huɗu ke nan yau tana gyara igiyar da ba ta kwance ba."

Ba a ambaci tsoro ba ko sau ɗaya, amma yaro mai karatu ya gane, domin shi ma ya taɓa cewa cikinsa na ciwo ranar jarrabawa. Yaro ɓoye tsoro yake yi, kuma ƙaryar da yake yi don ɓoyewa ita ke tura labari gaba. Manya ma haka suke. Willie O'Ree, baƙar fata na farko da ya buga babbar gasar hoki, a Janairun 1958 tare da ƙungiyar Boston, idonsa na dama ya kusa mutuwa gaba ɗaya sakamakon faifan da ya same shi, ya ɓoye don kada a hana shi wasa.

Sannan ka sassaƙa mata tsani. Koci na gari ba ya cewa "daure ki yi". Zai mai da ita baya: tsalle a kan tabarmar roba da takalmin gida, sai ƙaramin tsallen rabin juyi da ta iya tun bara, sai a ɗaura mata ɗamarar da ke rataye da igiya yana riƙe da ɗaya bakin. Kowane tsani babi ne ko biyu, kuma dole ta zamo ƙasa aƙalla sau ɗaya bayan mai karatu ya ɗauka an gama. Bari uban ya ce mata faɗuwar gaba asarar namiji, da kyakkyawar niyya, maganar ta ƙara mata nauyi, ita kuma ta ce a ranta ai ita ba namiji ba ce. Bari uwa ta tofa mata addu'a a ƙeya kowace safiya. Addu'ar ta kwantar mata da hankali, tsanin kuma ta hau shi da ƙafarta.

Mataki na biyar: son, da cokalin shayi

Abin da ke faruwa a zuciyar ɗan shekara 11 bai kai a kira shi soyayya ba. Burgewa ce haɗe da kunya da haushi. Ta lura da wani yaro mai tsaron ragar hoki da rukuninsu ke shiga fili bayan na su Ummi, ta san launin safar hannunsa, ta ji haushin kanta da ta sani. In ya yi magana sai ta ba shi baƙar amsa, ta kwana tana maimaita abin da ya kamata ta ce. Iyakar abin ke nan, kuma ya isa.

Dokokina uku ne a nan, ba na sassauta su. Ba kalaman soyayya, ba zancen aure, ba siffanta jikin yaro ko yarinya da idon manya. Abu mafi girma da zai faru tsakaninsu a duk littafin kada ya wuce ya miƙa mata marfin takalminta da ta manta, ko su raba kofin koko mai zafi a bakin mashigin ruwa, ƙanenta na tsaye yana zare ido. In ka ji hannunka na ƙaiƙayin rubuta "ke ce hasken rayuwata", ajiye alƙalamin ka sha ruwa.

Kuma kada yaron ya zama maganin tsoronta. Wannan kuskure na ganinsa da yawa: jarumi ya riƙe hannunta, tsoro ya gudu. Gara a ce shi ma da nasa. Mai tsaron ragar da ke runtse ido duk sanda faifai ya taso masa, ba wanda ya lura sai ita, domin mai ciwo shi ya san mai ciwo. Ranar da ta ce masa "na ga kana rufe ido", shi kuma ya ce "ke ma igiyarki ba ta taɓa kwancewa ba", ranar abotarsu ta ƙullu. Kada ka manta da ƙawarta, wadda za ta ji an yi watsi da ita. A wannan shekarun ɓacin ran ƙawa ya fi komai zafi, sau da yawa ma shi ne ainihin labarin zuciyar da ke cikin littafin.

Mataki na shida: jera babi

Irin wannan littafi yakan kama daga kalma 30,000 zuwa 50,000. Nufi 35,000, babi kamar 28, kowanne abin da yaro zai cinye kafin barci ya ɗauke shi. Faɗuwar ta zo kafin babi na biyar. Tsakiya ta ɓoyewa ce da ƙarya, har asiri ya tonu, misali uwa ta gano an yi mako uku ana biyan kuɗin darasi Ummi na zaune a kujerun 'yan kallo. Kashi na ƙarshe na hawan tsani ne. Rubuta da bakin yarinyar ko daga kafaɗarta, kada ka shiga kan manya. Duk matsalar da babba ya warware mata, ka ƙwace ka mayar mata da ita.

In za ka kai su kan tafki ko kogin da ya daskare, san ƙa'ida, don yara na kwaikwayon abin da suka karanta. Ƙungiyar agaji ta Red Cross a Kanada na cewa sai kauri ya kai santimita 15 mutum ɗaya zai hau, 20 in taro ne. Shuɗiya garai ita ce mai ƙarfi, fara rabin ƙarfinta gare ta, mai ruwan toka kuwa akwai ruwa a cikinta, ba a hawa. Kada jarumarka ta taka mai ruwan toka ta tsira a tafa mata.

Mataki na bakwai: ranar gasa

Jarabar ba ta lambar zinariya za ta zo maka. Ƙi ta. Yarinyar da ta yi wata biyu ba ta tsalle ba za ta doke waɗanda ba su huta ba, kuma yara sun fi mu sanin haka. Abin da mai karatu ya yi babi ashirin yana jira shi ne ya ga ko za ta tashi a layin shuɗin nan. A nawa, ta tashi, ta cika juyi ɗaya da rabi, ta faɗi a gaban kowa. Sai darasin ranar farko ya dawo: gwiwa biyu, ƙafa ɗaya, dafa, miƙe. Kiɗa bai tsaya ba, ta bi shi ta ƙarasa. Ta zo ta biyar cikin takwas. A bencin da ake zama jiran maki, kocinta bai ce komai ba, ya miƙa mata marfin takalmi. Kai kana iya barin taka ta sauka daidai, ba laifi, muddin ka biya kuɗin saukar da faɗuwa isassu a baya.

Mataki na takwas: gwaji

Ajiye rubutun mako biyu, sannan ka karanta shi da ƙarfi. Duk jimlar da numfashinka ya ƙare kafin ta ƙare, raba ta. Kalmomin wasan da babu su a Hausa, zaɓi suna ɗaya ga kowanne tun farko ka tsaya a kai: in ka ce "haƙoran takalmi" a babi na biyu, kada ya koma "tsinin gaba" a na tara. Nemi wanda ya taɓa yin wasan, ko da ta intanet ne, ka fassara masa wuraren tsalle da na faɗuwa ya duba maka, domin kuskure ɗaya, kamar a ce an tashi Aksel da baya, ya isa ya zubar da littafin a idon wanda ya sani.

Daga nan tara yara uku ko huɗu, da izinin iyayensu, ka karanta musu babi uku na farko. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce e. Riƙe fensir ka kalli ƙafafunsu. Inda suka fara wasa da yatsu ko leƙen taga, yi alama a gefen takarda, wurin yankewa ne. Inda suka yi dariyar ƙeta suna satar kallon juna, wato wajen mai tsaron raga, ka auna daidai, kada ka ƙara ko ɗigo. In ka rufe takarda a ƙarshen babi na uku wani ya ce "to sai me ya faru?", ci gaba da na huɗu. In ba wanda ya tambaya, koma ka matso da faɗuwar Ummi kusa da shafin farko, ka sake tara su mako mai zuwa.